Hajiya, kafin ki biya kujera, koyi ƙirga da Larabci

 Kun saba jin muryata a rediyo, amma yau na zaɓi takarda, domin maganar tana da lambobi a cikinta, lamba kuwa in an faɗe ta a iska, iskar ce ke tafiya da ita.

Ina da inna, ƙanwar mahaifiyata, a nan Maraɗi. Ta fi shekara goma tana saro abaya da gyale da turare daga Saudiyya. Ba ta yi lakkwal ko ta kwana ɗaya ba, amma in kuna lissafi da ita, kafin ka gama latsa salula ta ba ka amsa. A wata tafiyar umra ta shiga wani shago a kasuwar Balad ta Jidda, tare da wani yaro Bahaushe mazaunin can mai yi mata tafinta da ɗaukar kaya. Ta ɗaga abaya, yaron ya tambayi kuɗi, mai shago ya ce: "Hamsa wa talatin." Yaron ya juyo ya ce: "Inna, ya ce arba'in da biyar, wai ma don ke ce." Ta ɗauki dozin goma, abaya 120 ke nan. Riyal goma a kan kowace ɗaya ya tashi riyal 1,200. Riyal guda wajejen sefa 150 yake yawo, wato kusan jikka 180 ta bari a aljihun da ba ta sani ba. Ba ta gane ba sai bayan wata biyu, lokacin da wata abokiyar sana'arta da ta sari irin kayan a shagon nan ta fara sayarwa da arahar da inna ba ta iya kamowa.

Kuɗin sun yi mata zafi, amma ba su ne suka fi ci mata rai ba. Ta ce mani: "Wallahi ɗana, da kunnena na ji ya ce talatin. Sai na ce ma raina, ke mi kika sani ga Larabci? Ƙila tasu talatin daban, tamu daban."

To, talatin ɗinsu ita ce tamu. Daga wajensu muka aro ta.

Ra'ayina shi ne, duk ɗan kasuwa ko ƴar kasuwar da ke sa ƙafa ƙasar Larabawa, don sari ne ko don hajji da umra, ko duka biyun kamar yadda akasarinmu ke haɗawa, ya lissafa koyon kalmomi ɗari da jimloli ashirin na Larabci cikin kuɗin tafiya, kusa da kuɗin biza da na jirgi. Ban ce a zama malami ba. Na ce a iya jin kuɗi, a iya tayawa, a iya neman ruwa da magani, a iya faɗin inda aka fito.

Abin mamaki ne a ce sai an roƙe mu wannan. Yaro na da shekara biyar ake kai shi makarantar allo. Sau biyar a yini muna tsayawa salla da harshen nan. Amma ka ɗauki wanda ya yi sauka ka ajiye shi filin jirgin Jidda, ka ce ya tambayi inda makewayi yake, sai ka ga ya koma nuni da hannu. Ni mai maganar ban fi kowa ba. Na yi allo, na yi lakkwal har na samu bak, ina cin abinci da bakina, amma ranar da wani baƙo ɗan Sudan ya zo gidan rediyonmu, bayan sallama da "kaifa haluka" sai na tsaya ina yi masa murmushi kamar wanda za a ɗauka hoto. Ko "zauna ka sha ruwa" ban iya haɗawa ba.

Laifin ba na allo ba ne. Karatu aka kai mu koyo, kuma an koya mana. Inda muka ɓata shi ne mun ɗora wa harshen kwarjinin da ya hana mu taɓa shi. An hore mu cewa kuskuren wasali a karatun Alƙur'ani ba ƙaramin abu ba ne, kuma gaskiya ne, sai muka ɗauka duk maganar Larabci haka take, mutum na tsoron ya nemi ruwa ya karya nahawu ya kwashi zunubi. Alhali Larabci harshen mutane ne masu ci da sha. Da shi ake rigimar kuɗin taksi a Alƙahira, da shi ake kora awaki a Sudan. In kuma ka yi ƙarfin hali ka je zaure ka ce kana son Larabci, malam zai buɗe maka Ajurumiya ya fara da rafa'u da nasabu. Hanya ce mai kyau ga ɗalibin da ke da shekara goma a gabansa. Ga wadda jirginta zai tashi bayan ƙaramar salla, ba ta yi ba. Ku dubi ƴan Bangaladash da Pakistan masu tsaron shaguna a Makka da Madina. Larabcinsu a karye yake, namiji ya koma mace, jiya ta koma gobe, amma suna saye suna sayarwa, ba wanda ya taɓa kama su don haka.

Kakanninmu ma ba su da wannan tsoron. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu na Damagaram, fataken Larabawa daga Gadamas da Turabus suna sauka Zinder da Kano da alharini da takarda da duwatsun wuya, su koma da fatu da gashin jimina. Sawun wannan cinikin, haɗe da na karatun addini, yana nan cikin bakinmu har yau, mu ne ba mu lura ba.

Mu fara da ƙirga, tunda nan kuɗi suke. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, tis'in ko casa'in (ko da wasunmu kan ce gomiya tara), duka Larabci ne, kuma in kin faɗe su yadda kika saba Balarabe zai gane. Alif, wato dubu, kowace ranar 3 ga watan Agusta muna faɗinta a rediyo in mun zo "alif ɗari tara da sittin". Tsofaffi har yanzu suna cewa metan ga ɗari biyu. Daga ɗaya zuwa biyar kuwa a cikin ranakun mako suke ɓoye. Lahadi ita ce ta ɗaya, wahid. Litinin ta biyu, itnen. Talata ta uku, talata ɗin dai. Laraba ta huɗu, arba'a. Alhamis ta biyar, hamsa. Ki yanke wutsiyar sittin da saba'in da tamanin da tis'in, kin samu sitta, saba'a, tamaniya, tis'a, shida zuwa tara ke nan. Goma ita ce ashara, kuma ba ki manta ta tunda Ashura goma ga watan Muharram ce. Ke nan mai sayar da kayan miya a kasuwar Dole ta Zinder ta riga ta san ƙirgan Larabci, ba a dai taɓa gaya mata ba.

Haka kayan rumfa. Albasar Galmi da muke alfahari da ita basal ce, aka liƙa mata "al" a gaba. Aljihu jeb ne, almakashi makas, almiski misk. Sukari, sabulu, shayi, kanumfari, sanduƙi, mizani, launi, duk da ɗan gyaran baki sun koma gida. Dillali da attajiri da wakili da amana da asara haka. Rahusa ƴar uwar rahis ce, mai araha. Jimla da muke faɗa in an haɗa lissafi, a can "bil jumla" shi ne sari. Babba kabir, ƙarami sagir, kuma kowace unguwa akwai Kabiru da Sagiru. Har Faransancin da muka tsinta a bakin ƴan duwan yana taimako, domin faktir a can fatura ce, kartan kuma kartun.

Amma akwai ramuka a hanyar, kuma su ne dalilin da ya sa ake buƙatar a zauna a koya, ba a dogara da kunne kaɗai ba.

Ramin da inna ta faɗa shi ne na farko. Balarabe ƙaramar lamba yake fara faɗa, babbar ta biyo baya. Hamsa wa talatin, biyar da talatin, 35 ke nan. Talata wa hamsin kuwa 53. Don haka kada ki yanke hukunci sai ya rufe baki, ta ƙarshen ita ce uwar kuɗin. Sannan a kula da wutsiyar kalma. Hamsin 50 ce, amma hamsata ashar, wadda a bakin kasuwa ake dunƙulewa a ce hamstaash, 15 ce. Tsakaninsu riyal 35, sama da jikka biyar a kan ƙwaya guda.

Rami na gaba namu ne mu ƴan Nijar. Mu da dala muke ƙirga. In na ce ashirin a kasuwar Maraɗi ko ta Tawa, kowa ya san sefa 100 nake nufi, in na ce ɗari, sefa 500. Kunnen da ya saba da haka in ya ji ishrin a Makka sai ya ji kamar kuɗin ƙosai, alhali riyal 20 ne cif, wajen jikka uku. Abin da zai ƙara ruɗa mutum, a Cadi Larabcin kasuwa yana kiran dalarmu riyal, ishirin riyal a Njamaina sefa 100 ce kamar a gida. Riyal ɗin Cadi da na Saudiyya suna kawai suka haɗa.

Sai rubutu. A Aljeriya da Libiya lambobin da muka sani na jikin takardar kuɗi da salula su ake rubutawa. A Saudiyya da Misira kuwa sau da yawa za ki ga irin waɗanda ke ƙarshen ayoyi a bugaggen Alƙur'ani. Biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifilinmu (٥), sifilinsu ɗigo ne kawai (٠), shidansu ta yi kama da bakwai ta boko (٦), bakwai kamar yatsu biyu a ɗage (٧), takwas ita ce bakwai ɗin a kife (٨). Kuma ko da rubutun Larabci daga dama yake farawa, lamba daga hagu ake karanta ta kamar tamu. Wanda bai san wannan ba zai sa hannu a fatura bai san abin da ya amsa ba.

Akwai kuma kalmomin da ke yi mana dariya. Miya a Larabci ɗari ce, ba ta kuka ba. Dawa magani ne. Baƙi shi ne canjin da ya rage maki. Wadda ta fi haɗari ita ce riba: abin da muke kira riba su ribhu suke cewa, riba kuwa a kunnensu kuɗin ruwa ne da aka haramta. In kika ce wa Balarabe riba kika zo nema, kada ki yi mamaki in ya zare ido.

Jimlolin ciniki ba su fi a ƙirga da yatsu ba. "Bikam haza?" nawa ne wannan. "Gali," ya yi tsada. "Naƙƙis shuwayya," rage kaɗan. "Bil jumla kam?" sari nawa. "Ahir kalam?" maganar ƙarshe. Habba ƙwaya guda ce, darzan dozin. "Fi" akwai, "ma fi" babu. "Laun tani," wani launi. "Ma fahimt," ban fahimta ba, ga ta nan ma kusan Hausa. Tun watan Yuli na 2020 harajin saye a Saudiyya ya koma kashi 15 cikin ɗari, sunansa dariba, saboda haka ki tambaya "ma'a dariba?" don ki san ko kuɗin da aka faɗa har da shi. In da za a ce in zaɓi kalma ɗaya tak in ba ƴar kasuwa, uktub zan zaɓa, wato rubuta. Ki miƙa wa mai shago takarda da biro da hannunki ki ce uktub. Abin da ya rubuta ba tafintan da zai ƙara masa goma.

Wannan na dukiya ne. Akwai na rai, wanda ya shafi har wanda bai tafi da niyyar sayen ko tasbaha ba. Kowace shekara ana ba Nijar kujeru fiye da 15,000, da yawansu tsofaffi ne da ba su taɓa wuce Ƙonni ba. Duk wanda ya je Mina ya san tantuna iri ɗaya ne, ka fita alwala ka dawo ka rasa naka. A Larabci ƙasarmu Annijar ce, maƙwabciyarmu Nijiriya, kuma ɗan sandan da ya gaji in ya ji Hausa can zai nuna maka, tunda su suka fi yawa. "Ana min Annijar," ni daga Nijar nake. "Ana dayi'," na ɓata, mace ta ce dayi'a. Moya ruwa ne, hammam makewayi, funduƙ otel, mustashfa asibiti, saidaliyya farmasi. "Ana ta'aban," na gaji ko ba ni da lafiya. "Indi sukkar," ina da ciwon suga, "indi dagt," ina da hawan jini. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu. Ajali in ya zo ba harshen da ke mai da shi. Amma tsohuwar da jiri ya kwasa a hanyar jifa, ta iya ce wa na kusa da ita "moya, indi sukkar," ba ɗaya take da wadda sai dai ta ɗaga hannu ba.

Na san abin da za a ce mani, domin an sha faɗa mani shi ta waya a cikin shiri. Za a ce Makka da Jidda cike suke da Hausawa, wasu kakanninsu ma can aka haife su, har masu shaguna sun iya "zo Hajiya, araha". Gaskiya ne, kuma da yawansu mutanen kirki ne da ke wahala da baƙi don Allah. Ko yaron nan na inna ban tsine masa ba. Neman abinci ya kai shi, ita kuma ba ta yanka masa ladan yini ba, ta bar shi da "Allah ya yi albarka", sai ya yanka wa kansa. Ban ce a kori tafinta ba. Na ce a biya shi la'adarsa a fili, kuma ya san kunnenki a buɗe yake.

Za a ce salula tana fassara. Tana yi, ga wanda ya iya karatu, yana da intanet, kuma kasuwar ba hayaniya. Abin lissafin cikinta ya fi amfani, a riƙa miƙa shi. Sai dai salula ba ta jin ƴar maganar da mai shago da tafinta ke yi ƙasa-ƙasa a gabanki, wadda a cikinta ake raba kuɗinki.

Inda zan sallama shi ne Dubai. A Dera da kasuwar Nayif yawancin masu shaguna Indiyawa ne da ƴan Pakistan da Iran da Sin, Ingilishi ya fi Larabci tafiya a can. Wanda Dubai ko Sin kaɗai yake zuwa, ya fara da ƙirgan Ingilishi, ban yi masa gardama ba.

Wasu kuma kan ce Larabcin ba ɗaya ba ne, wanne za a koya? Lalle "ina so" a littafi uridu ne, a Saudiyya abga, a Misira ayiz, a Libiya nibbi, a Cadi nidor. Ruwan da ɗan Jidda ke kira moya ɗan Njamaina almi yake ce masa. Kowa ya koyi na inda yake zuwa. Mai bin hanyar Agadas zuwa Saba ba ruwansa da abga. Amma lambobi kusan ɗaya suke daga Tamanrasat har Madina, shi ya sa na ce da su a fara. Na littafin ma ko'ina ana gane shi, iyaka a yi maki murmushi a ce Hajiya ta yi karatu.

Maganar tsufa kuwa ban karɓe ta ba. Matar da ke riƙe da bashin mutum arba'in a ka, da ranar da kowa ya ɗauka, ba kalma ɗari ce za ta gagare ta ba.

Malamai ba su yi mana ƙaranci ba. Tun 1957 aka buɗe madarasar farko a Say, a 1986 jami'ar Musulunci ta fara aiki a can, yau kuma ba babban garin da ba shi da makarantar faranko-arab. Ga waɗanda suka dawo daga Azhar da Madina da Sudan, maza da mata, da yawa suna zaune ba aiki. Wurin taruwa ma akwai. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, kowane mako suke zama zubi. In an gama zubi a ƙara rabin awa, kowace ta ajiye dala hamsin a biya malama, kalma goma a mako, cikin mako goma an kai ɗari. Maza masu rumfa su yi nasu bayan la'asar lokacin da kasuwa ke lafawa. Sharaɗi ɗaya za a kafa wa malamin: kada ya zo da nahawu. A baza kaya a tabarma, wannan ta zama mai shago, waccan mai saye, a yi ta ciniki ana kuskure ana dariya. Ajans-ajans masu bita ga maniyyata su ma su ƙara awa guda ta wannan a kan bitar ɗawafi da jifa, hukumar COHO kuma in ta sa shi cikin abin da take nema daga gare su ba wanda zai yi kuka. Mu na rediyo ba mu da bakin ganin laifin kowa, muna da minti talatin na gaishe-gaishe, ba mu da biyar na wannan.

Inna dai ba ta jira kowa ba. Wata ɗiyar maƙwabta mai aji uku a faranko-arab ta riƙa zuwa mata bayan magariba, ladanta gyale guda. Da ta koma Jidda ta nemi yaron nan dai, ta yanka masa riyal hamsin a yini tun a bakin otel, suka shiga shagon. Mai shago ya ce arba'in. Kafin yaron ya buɗe baki ta ce: "Gali. Naƙƙis. Bil jumla kam?" Yaron ya dube ta ya ce: "Inna, ashe kin iya?" Ta ce: "Shuwayya shuwayya. Kai dai riƙe kaya." A talata wa talatin aka tsaya, ta miƙa takarda ta ce uktub.

Yanzu rigimarmu da ita a kan rubutun ce. Har yau in na nuna mata ٦ bakwai take cewa, na liƙa mata su da alli a bayan ƙofar ɗaki, ga shi jirginta watan gobe ne.